Sharofat Mirsoliyeva ta Margilan da Zanenta Mai Hawa-Hawa

Haihuwa da Asali

An haifi Sharofat Mirsoliyeva ranar tara ga watan Maris na shekarar 1934 a birnin Margilan, cikin unguwar marina da ke bayan tsohuwar kasuwar alharini. Mahaifinta shi ne Usta Mirsoli ɗan Hojimat, marini wanda ya gaji sana'ar daga kakanninsa, mahaifiyarta kuwa Oysara 'yar Toshmat, wadda aka sani a unguwar da iya kiwon tsutsar alharini. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya biyar, kuma ita kaɗai ce mace.

A shekarar 1942 aka ɗauki mahaifinta aikin soja, bai dawo ba sai a ƙarshen 1945, babu yatsu uku a hannunsa na dama. Rinin zaren atlas kuwa, wato yadin alharini mai launi-launi, aiki ne na ɗauri da kwancewa: a ɗaure sashen zare, a tsoma cikin rawaya, a shanya, a sake ɗaure wani sashen, a tsoma cikin ja, haka har launi huɗu ko biyar. Da yake hannunsa ya daina iya ɗauri, kuma yayyenta maza biyu sun tafi aikin layin dogo, Sharofat ce ta zama mai ɗaure masa zare tun tana da shekara goma sha ɗaya, kullum in ta taso daga makaranta.

Karatu

Ta kammala aji goma a makarantar unguwa a shekarar 1952, kuma bisa shawarar malamin zanensu, mahaifinta ya amince ta tafi Tashkent, da sharaɗin za ta zauna a gidan ƙanwar mahaifiyarta. A watan Satumba na wannan shekara ta shiga makarantar koyon zane, inda ta yi shekara biyar tana nazarin zanen mutum da na fili, kamar yadda manhajar lokacin ta tanada.

Wadda ta fi yin tasiri a kanta cikin malamai ita ce Lidiya Arkadyevna, wata dattijuwa da ta zo daga Leningrad lokacin yaƙin duniya ba ta koma ba. Ita ce ta koya mata ƙa'idar fenti mai mai, wato hawan ƙasa ya kasance sirke, na sama ya fi shi maiƙo, kuma ba a ɗora sabo sai na ƙasa ya bushe, in ba haka ba zanen zai tsattsage bayan shekaru. Sharofat tana da gaggawa a lokacin, kuma 'yan ajinsu sun daɗe suna tuna yadda malamar takan tsaya a bayanta ta ce:

"Mirsoliyeva, kin sake taɓa shi yana ɗanye ko? Sauke hannun nan. Je ki sha shayi, ki dawo ranar Alhamis."

"Ustoz, ɗan gyara ne kawai."

"Gyaran ma ya dawo ranar Alhamis."

A ajin nasu akwai wani ɗan Kokand mai suna Haydarali Sotvoldiyev, wanda ya fi kowa iya fitar da kamannin fuska, kuma tare da shi ta karɓi shahadar kammalawa a watan Yuni na 1957.

Fara Aiki

Hukuma ta tura ta gida Margilan, aka ɗauke ta a wata masaƙar alharini a matsayin mai tsara adon yadi, aikin da ta riƙe shekara talatin da biyu. A 1958 aka karɓe ta cikin ƙungiyar masu zane ta lardi, aka ba ta ƙaramin ɗakin aiki a saman wani tsohon shago, tare da katin sayen fenti da ƙyallen zane, waɗanda a lokacin ba a samunsu a kasuwa. A wannan ɗaki ne ta fara zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai, babu mutum, babu itace, babu gida, sai launi a gefen launi. Ba ta ɗauki abin a matsayin wani al'amari ba, domin a ganinta adon atlas da take tsarawa da rana shi ma ba hoton komai ba ne.

Aure da 'Ya'ya

A watan Oktoba na 1959 ta auri Eshkobil Norboyev, kafinta a ma'aikatar gyaran taragun jirgin ƙasa, wanda ta sani ta dalilin firam ɗin katako da take ba shi yana haɗa mata. Suka zauna a gidan iyayensa, gida mai faɗin tsakar gida da rumfar inabi. Allah ya ba su Mohira a 1960, Davron a 1963, sannan Sarvinoz a 1968.

Eshkobil bai taɓa da'awar ya fahimci zanen matarsa ba, amma tun aurensu har ya rasu babu ƙyalle ɗaya da ta yi aiki a kansa wanda ba shi ya ɗame shi a jikin katako ba. 'Ya'yansu sun ce in ta gama zane yakan juya shi ta ko'ina, guduma a hannu.

"Maman Mohira, ina ne saman, in san inda zan kafa ƙusa?"

"Kai ina ka ga ya fi zama?"

"Ni ta kowane gefe bangon gidan wankan unguwa nake gani."

"To kafa ta inda bangon ya fi kyau, Baban Mohira."

Hukuncin 1963

A watan Afrilu na 1963 ta gabatar da zane uku domin baje kolin lardi. Kwamitin tantancewa ya zauna a kansu, kuma sakataren kwamitin shi ne Haydarali Sotvoldiyev, ɗan ajinta na Tashkent. Shi aka ba wa takardar tuhuma ya karanta, wadda ta ce zane-zanen ba su da ma'ana ga ma'aikata da manoma, kuma kwaikwayo ne na usulubin ƙasashen waje. Da aka nemi hujjarta ta ce ba ta taɓa fita waje ba, iyakarta Tashkent. Aka dakatar da ita daga ƙungiya, aka karɓe ɗakin da katin, aka kuma sanar da ita cewa za a riƙa zuwa gida ana duba abin da take zanawa.

Ƙyalle tara ne kawai suka rage mata, dukkansu da zane a kai. Eshkobil ya gyara mata ɗakin ajiya da ke ƙarshen tsakar gida, ya fasa masa taga mai kallon arewa. Domin masu zuwa dubawa su tarar da abin da suke so, sai ta zana mata masu tsintar auduga da motar noma a kan tsofaffin zane-zanenta, ta jera su a bango. Shekara biyu suka yi a haka.

A damina ta 1965, da zuwan masu dubawa ya yi sauƙi, ta ɗauki rezar askin mijinta ta fara kankare ɗaya daga ciki, da niyyar dawo da na ƙasa yadda yake. Bai dawo ba. Farin audugar ya maƙale a wasu wurare, shuɗin sama ya fita a wasu, jan da ta shafa shekara huɗu da suka wuce ya leƙo ta ƙarƙashinsu, kuma abin da ya bayyana ba zanen farko ba ne, ba kuma na biyu ba. Ta ajiye rezar, ta bar shi mako guda tana kallo, daga bisani ta kankare sauran takwas ɗin. Daga wannan shekara ne masu nazarin aikinta suke lissafin farkon usulubin da aka santa da shi.

Yadda Take Aiki

Tun daga 1966 tsarin aikinta ya zauna, kuma bai sauya sosai ba har ƙarshen rayuwarta. Tana shiga ɗakin da sassafe kafin ta tafi masaƙa, ranar Lahadi kuma ta wuni a ciki, kuma ba ta aiki da hasken fitila, domin a cewarta yana yi wa launi ƙarya. Da fenti ya yi wuya, takan niƙa garin rini na mahaifinta da jar ƙasa ta kwaɓa da mai, ƙyalle kuwa takan samu daga ragowar yadin da masaƙa ke sayar wa ma'aikata.

In Eshkobil ya ɗame ƙyallen, takan dafa danƙon fata da alli ta shafe shi sau uku. Hawa na farko kullum mai duhu ne, ja ko shuɗi, sirke da kananzir, kuma da tsumma take shafa shi, ba da buroshi ba. Bayan mako guda ta ɗora na biyu mai kauri da wuƙar fenti, ta gauraya shi da yashin rafi da ta tankaɗe ko tokar tanderu. Yana ɗanye takan danna tsohon zaren atlas a ciki ta zare shi, ya bar sawu. In wannan ya bushe, wanda kan ɗauki mako uku, lokacin sanyi ma ya fi haka, sai ta bi shi da hawa mai ruwa-ruwa wanda ake hango na ƙasa ta cikinsa. Daga nan kankara ta fara, da reza ko dutsen goga, har ta kai ga launin da ta binne wata biyu ko shekara guda da ta wuce. Sau da yawa takan rufe wurin da kowa a gidan ya ce ya fi kyau, in aka yi magana ta ce yana hana sauran numfashi.

Saboda jiran bushewa, ƙyalle shida ko bakwai take aiki a kansu lokaci guda, waɗanda ba ranarsu ba suna jingine sun ba ɗaki baya. Kowane hawa takan rubuta kwanan watansa da fensir a bayan ƙyallen. Mafi ƙarancin abin da aka samu hawa tara ne, mafi yawa talatin da ɗaya, a wani zane da ya ci shekara uku da wata biyar. In tana zaton ta gama, takan fito da zanen ta jingine a ƙarƙashin rumfar inabi, ta ci gaba da hidimar gida kwana uku tana wucewa ta gabansa. Idan ta wuce har kwana ukun ba ta ji tana son komawa ta ɗauko wuƙa ba, to ya kammala.

Shekarar 1977

A 1976 wata baƙuwa mai binciken saƙa ta zo masaƙar daga ƙasar waje, aka haɗa ta da Sharofat domin bayani, ta biyo ta gida cin abinci, ta ga ɗakin, ta ɗauki hoton zane goma sha ɗaya. Bayan wata takwas hotunan suka fito a wata mujalla ta can, tare da bayanin cewa hukuma ta danne mai zanen. Sharofat ba ta ga mujallar ba, amma waɗanda suke Tashkent sun gani.

A watan Yuni na 1977, makonni kaɗan kafin Mohira ta zauna jarrabawar shiga makarantar likitanci, Haydarali, wanda a lokacin ya zama shugaban kwamiti, ya zo gidan da hantsi. Aka shimfiɗa masa a ƙarƙashin rumfa, aka kawo gurasa da koren shayi, sai da ya sha kofi biyu sannan ya fito da takarda.

"Sharofat-hon," in ji shi, da lakabin da ake girmama mace, "ni ɗan aike ne. Za ki sa hannu cewa ba da yardarki aka buga hotunan ba. Zane goma sha ɗayan nan za a shafe su a gabana. Kuma ki ajiye wannan irin aikin."

"In ban yi ba fa, Haydarali-aka?" in ji ta, da lakabin da ake girmama yaya.

"In ba ki yi ba, ke ba abin da za a yi miki. Amma sunan Mohira yana gaban wasu mutane, kuma an ɗora mujallar a kansa."

Ta ce ya dawo jibi. Bayan ya fita Eshkobil ya ce mata in ta ce a'a shi ma a'a, yarinya ta yi aikin jinya a nan Margilan, ba mutuwa za ta yi ba.

"Tun tana shekara shida take ɗaure wa kyanwa ƙafa," in ji Sharofat. "Nemo mini bokiti da babban buroshi."

Ranar da aka sa, aka tura yaran gidan kakarsu ta wajen uwa, ta jera zane-zanen a tsakar gida, ta shafe su da fari ɗaya bayan ɗaya, Haydarali yana zaune yana kallo. Abin da ke cikin bokitin ba farin fenti ba ne, alli ne da ruwa da ɗan danƙo, wanda ruwan ɗumi ke wankewa. Haydarali mai zane ne, kuma malama ɗaya ta koya musu. Da ta kai na bakwai ya taso, ya sunkuya a kan bokitin.

"Wannan farin naki ba shi da wari, Sharofat-hon."

"Hancinka ne ya tsufa, Haydarali-aka."

Ya koma ya zauna, ya jira ta gama. A rahoton da ya kai, wanda aka samu kwafinsa bayan shekaru, ya rubuta cewa an shafe zane goma sha ɗaya gaba ɗaya a gabansa, babu abin da ya rage. Mohira ta ci jarrabawa, ta tafi a watan Satumba.

Sharofat ta cika sauran sharaɗin. Ta kulle ɗakin shekara shida, kuma ta gaya wa 'ya'yanta cewa warin fenti ne ya fara sa mata ciwon kai.

Komawa Aiki

A watan Yuli na 1983 Mohira ta dawo da shahadar likita. Washegari ta fito tsakar gida ta tarar da mahaifiyarta durƙushe da kwano da soso tana wanke wani farin ƙyalle, ja da shuɗi suna fitowa, mahaifinta kuma yana fito da sauran daga ɗaki. A nan ne ya gaya mata abin da ya faru.

Mohira ta juya ga mahaifiyarta. "Aya, me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Da na gaya miki me za ki yi?"

"Da na fasa."

"Shi ya sa. Riƙe mini gefen nan, likita, kada ya faɗi."

Huɗu daga cikin zane-zanen laima ta shige su a shekarun da suka yi a kulle, fentin ya biyo allin ya zube, ba a iya ceto su ba. Bakwai suka tsira, amma allin ya shiga kowace tsaga da kowane sawun zare ya ƙi fita. Ta bar shi a haka, kuma a ayyukanta na bayan wannan shekara takan shafa alli da gangan ta wanke a matsayin hawa na ƙarshe.

Ba ta nuna wa kowa su ba sai da al'amura suka sassauta. A watan Mayu na 1989 aka yi baje kolin aikinta na farko a Tashkent, zane talatin da huɗu, tana da shekara hamsin da biyar, kuma a wannan shekara ta yi ritaya daga masaƙa. Ranar rufewa Haydarali ya zo da sanda, ya riga ya bar aiki, ya tsaya a gaban ɗaya daga cikin bakwai ɗin.

"Farin nan ya zauna da kyau," in ji shi.

"Da hannunka a ciki," in ji ta, "sai dai ban sa sunanka ba."

Ya rasu a shekarar da ta biyo baya, kuma ta je Kokand ta'aziyya.

Shekarun Baya

Bayan ƙasar ta sami 'yancin kai a 1991 aka nuna aikinta a Samarkand da Almaty, daga baya kuma a Istanbul, amma ita kanta sau ɗaya kawai ta yarda ta bi zanen zuwa wajen baje koli, domin a ganinta mako biyun tafiya hawa guda ne ya tafi. Ɗalibai sukan zo daga Fergana ranar Asabar, ba ta karanta musu komai, sai dai ta ba kowa ƙyalle da tsumma, ta hana shi taɓawa har mako ya zagayo.

Eshkobil ya rasu a watan Fabrairu na 1996 bayan gajeriyar jinya, bayan aure na shekara talatin da shida. Ya bar firam goma sha huɗu a haɗe, kuma sai da ta cinye su duka, cikin shekara biyar, kafin ta yarda ɗanta Davron ya haɗa mata wani.

A 2004 aka yi mata aikin yanar ido. Da aka cire bandeji ta koma ɗakinta, ta fito tana faɗa cewa duk zanen da ta yi cikin shekara biyar shuɗi ya yi musu yawa, kuma babu wanda ya gaya mata. Waɗanda ke gida ta sake buɗe su ta ƙara musu hawa, waɗanda suka riga suka tafi kuwa ta sa Sarvinoz ta rubuta wa masu su wasiƙa cewa su dawo da su a gyara. Mutum biyu ne suka amsa, kuma dukansu sun ƙi.

Rasuwa

Ranar Talata, goma sha biyar ga watan Nuwamba na 2011, ta shiga ɗakin da safe ta ɗora hawa mai kauri, ruwan ƙasa, a kan wani babban ƙyalle da ta fara tun bazara. Da ta fito ta kira matar Davron, wadda suke zaune tare, ta ce mata:

"Hosiyat-hon, kada kowa ya yi shara a ɗakin nan sai fentin ya bushe. Ƙura ɗaya ta hau, zan gane."

Ranar Laraba ta kwanta da ciwon ƙirji, Mohira ta zo daga Fergana ta duba ta, ta nemi a kai ta asibiti, mahaifiyar ta ce a bari sai an ga gobe. Ta rasu ranar Alhamis, goma sha bakwai ga wata, jim kaɗan bayan sallar la'asar, tana da shekara saba'in da bakwai, 'ya'yanta uku suna wajen. An yi mata salla ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma da liman ya tambayi jama'a wace irin mutum ce, suka amsa sau uku cewa mutuniyar kirki ce. Aka binne ta a makabartar unguwa kusa da mijinta.

Gidan ya cika da masu ta'aziyya har wurin zama ya yi kaɗan, kuma lokacin sanyi ne, wasu dattawan mata suka ba da shawarar a share ɗakin zanen a shimfiɗa wa baƙi. Hosiyat ta ƙi ba da mabuɗi, aka rarraba baƙin a gidajen maƙwabta. Kowace safiya takan leƙa ta taɓa gefen ƙyallen da bayan yatsa, kuma sai a rana ta ashirin da uku fentin ya daina kama hannu. A ranar ta share ɗakin.

Marigayiya ta bar 'ya'ya uku: Mohira Norboyeva, likitar yara a Fergana, Davron Norboyev, kafinta, wanda ke zaune a gidan na Margilan da iyalinsa, da Sarvinoz Norboyeva, malamar lissafi a Namangan. Ta kuma bar jikoki goma sha ɗaya da tattaɓa-kunne biyu. Allah ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka makwancinta, ya sa albarka a zuri'ar da ta bari.